Ciwon Da Aka Ɗora Wa Salima

Idan ka biye wa Malam Kamalu, tun da aka kafa Ƙaura Namoda ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi da safiyar nan ba. Ga shi kife a kan katifa, rub da ciki, mutumin da ko ƙofar gida ba ya leƙawa sai ya karya hula ya fesa turare.

"Kin kashe ni, Salima! Barkonon da kika zuba a miyar jiya, ko maƙiyin Allah ba a yi mai haka!"

Matar tasa ta dire bokitin ruwan ɗumi. "Haba Malam, kai fa ka ce in ƙara. Pilis mu tahi asibiti, jinin ga ya yi yawa."

"In tuɓe wando gaban ma'aikatan asibiti, yaran da na koya ma karatu? Allah ya sawwaƙe!"

Basir ne ya tsiro masa, zama ya gagara. Firamaren da yake koyarwa kuwa a Sakajiki take, hanyar daji, a kan babur. Tunanin sirdin kawai ya sa shi gumi. Ya jawo waya ya kira hedimasta, Malam Gado.

"Yallaɓai, yau ba ni samun zuwa."

"Subhanallahi, lahiya dai?"

Kalmar ta zo bakinsa ta maƙale. Ya hango ofishin malamai ana ƙyaƙyata dariya, ya ji laƙabin da zai bi shi har kabari.

"Iyali ce ba lahiya, Yallaɓai. Sariyos! Ko tashi ba ta yi."

Salima ta dafe ƙirji. "Malam! Ƙarya da lahiyata?"

"Aro na yi, amarya ta kullum. Kwana biyu in maido maki abinki."

Abin da ya manta shi ne, matar Malam Gado 'yar Shinkafi ce, unguwarsu ɗaya da Inna Iyatu, mahaifiyar Salima. A wajenmu kuwa ciwo ba ya kwana shi kaɗai. Kafin azahar maƙwabta sun fara sallama, an zo dubiya. Salima ta ja bargo ta kwanta a falo tana amsa sannu, maigidan na ƙuryar ɗaki yana cije filo. Sabis ya yi kwanaki a ɗauke a Shinkafi, sai matar Gado ta aika saƙo ta bakin direba. Kafin maganar ta isa, a bakin mutane Salima har ta kai gargara.

Washegari Inna Iyatu ta ƙulle fura da sassaƙe ta shiga mota, ana ta ba ta baki saboda hanya. "In mutu a hanya ya fi a ce ɗiyata ta cika ba ni kusa," in ji ta.

Gab da Moriki 'yan bindiga suka fito daga daji suka buɗe wuta. Direba ya taka, taya ta fashe, mota ta wuntsila. Direban bai shura ba. Inna Iyatu kuwa, a karye aka zaro ƙafarta daga ƙarƙashin kujera aka mayar da ita asibiti a Shinkafi.

Jabir, yayan Salima, ya biyo ayarin sojoji ya zo Ƙaura. Ya faɗo gidan ba sallama, ya tarar da ita tsaye garas tana shanya wanki.

"Ke ce kike gargara? Inna na can ƙafa a ragargaje saboda ke! Wa ya ƙaga wagga magana?"

Ta dubi labulen ƙuryar ɗaki. Labule bai motsa ba. Hawaye suka zubo mata.

"Ni ce, Yaya. Jiri na ji, na zuzuta."

"Ɗauko mayahinki!"

Malam Kamalu yana jin komai. Ya ji ƙarar ƙofa, ya ji gidan ya yi tsit, bai fito ba.

Ya kwana biyu yana mita shi kaɗai: an tafi an bar majinyaci, ba mai ɗora masa ko ruwan ɗumi, ina amana a duniyar nan? Ana haka Malam Gado ya zo jaje. Kamalu ya tarbe shi a tsaye, jingine da bango.

"Ka yi haƙuri," in ji Gado. "An ce uwar ta rantse ba ta son ganinta, Salima a bakin tagar asibiti take wuni tana kuka. Jabir kuma ya ce kai ma ka san lahiyarta lau ka yi shiru, don haka auren ya ƙare. Ni dai shawarata, ka sawwaƙe mata. Macen da ke iya shirga ƙarya irin wagga..."

"Yallaɓai, tsaya!" Kamalu ya katse shi. Ranar da ya fara ganin Salima ta faɗo masa, da yadda ta ƙi samari ta zaɓe shi da furfurarsa.

Da safe ya hau bayan a-kori-kura, a durƙushe a kan buhunan gero, kowane rami sai ya yi salati. Suka wuce gawar motar nan a gefen titi, takalman mutane warwatse. Ko da ya isa Shinkafi, bayan farar shaddarsa ya rine da jini.

Salima na rakuɓe a bakin taga, ta rame. Ta ga rigar, ta yunƙura da mayafinta za ta rufe masa. Ya girgiza kai ya shige ɗakin majinyata. Surukar da bai taɓa ko shan ruwa a gabanta ba tana kwance, ga Jabir, ga mata cike da ɗaki. Ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Inna, Salima ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ba lahiya. Basir gare ni. Kunyar faɗa ma hedimasta ta sa na laƙa mata ciwo, ita kuma ta ɗauki zagi don ta rufa mani asiri."

Ya jira dariya. Ba wanda ya yi.

Inna Iyatu ta dube shi. "Likita ya ce ni da tahiya sai da sanda. Direba ya bar marayu. Duk don ciwon da rabin mazan kasuwa ke fama da shi." Ta juya wajen taga. "Shigo, ɗiyata. Na tsine maki a zuci, ashe albarka ta kamace ki."

Salima ta faɗa jikinta suna kuka. Jabir ya sunkuyar da kai. "Sori, ƙanwata."

"Inna, in koma ɗakina?" in ji Salima.

"In kina so. Amma sai likita ya duba shi, yau ɗin ga."

"Ina so," ta ce a hankali.

'Yan uwa, ciwo ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce. Ƙaryar da aka lulluɓe shi da ita ce ke cin wanda bai ji ba bai gani ba. Haƙurin Salima ya dawo mata da uwa da miji, amma ƙafar Inna ba ta dawo ba.

Malam Kamalu, wanda bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba, ya duba ɗakin kaf bai samu kowa ba.

"Ni na ja, Inna," ya ce. "Ni kaɗai."