Zanin Goyon da Ya Fito daga Jawa

Gab da azahar Zakiya ta buɗe akwatin ƙarfe don ta sake duban zanin, ta tarar babu shi. Awarwaronta na zinari suna nan, fasfo ɗinsu yana nan, zanin kaɗai ne ya yi ɓatan dabo. Ta zauna a ƙasa ta dafe cikinta, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Mijinta Saleh yana neman takalmi zai tafi wurin 'yan sanda sai gwaggonsa Rahamatu ta tare ƙofa. Unguwarzoma ce, rabin yaran unguwarsu ta Hindawiyya, a ƙasar Makka, a hannunta suka faɗo, kuma aikin ya koya mata gane abin da mata ke ɓoyewa tun kafin su buɗe baki.

"Askari za ka kawo mana, rabin maƙwabta ba iƙama, ba takardar zama?" in ji ta. "Zauna. Ba ni zuwa la'asar."

A shekarar 1967 ne. Kwana uku ke nan da Saleh da Zakiya suka sauka daga jirgin ruwan da ya dawo da su gida. Sun bi alhazai masu komawa tsibirin Jawa, suka je garin da uwar Zakiya ta fito, suka yi wata uku wurin dangi. Rahamatu ta ji labarin jiya tare da masu barka da zuwa, amma ta ce a maimaita mata.

"Gwaggo, gari ne da ko'ina kika juya mace ce a inuwa da yadi a cinya," in ji Zakiya. "Kakata tana narka kakin zuma, ta ɗiba da wani ɗan cokalin tagulla mai tsinin baki, ta bi farin yadi tana fitar da furanni da tsuntsaye. Inda kakin ya hau, rini ba ya kamawa. Sai an rina ake dafawa a cire shi, adon ya fito. Da ta ji ina da ciki bayan shekara tara da aure, ta ce ita za ta yi zanin goyon. Wata biyu tana yi, hannunta na rawa. Ba ta kai ga rini ba, Allah ya karɓe ta. Na kawo shi haka da kakinsa in rina da kaina."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Jiya kafin magariba, da baƙi suka watse. Yau da sassafe muka tafi mustashfa ganin likita."

"Makullin fa?"

"Bayan ƙofa, inda yake kullum."

Rahamatu ta fara da A'i, dillaliyar da ke gidan gaba, domin kowa ya ga yadda ta yi ta shafa zanin jiya. Ta same ta tana sauke ƙullin kaya.

"Na shafa, ya Hajiya, ban ɗauka ba," in ji A'i. "Tun asuba ina kasuwar Bab Makka, tambayi duk wanda kika so. Kuma wa zai sayi yadi mai tauri kamar busasshiyar fata? Zakiya da bakinta ta gaya mana zafi na kashe shi, ni kuwa a rana nake wuni. In ɓarauniya ce ni, ai zinarin zan ɗauka."

Maganar ba daɗi, amma gaskiya ce. Rahamatu ta ba ta haƙuri ta wuce bakin famfon unguwa, inda Na'ibi mai kawo musu ruwa yake cika garwa.

"Sau nawa ka shiga gidanmu yau?"

"Sau biyu. Na zuba na safe, halas, na gama, ina fita Hajiya babba ta ce in ƙaro garwa biyu."

"Ka hau sama?"

"Ni da ko tsakar gida ba na wucewa?"

Rahamatu ta dawo tana lissafi a ranta. Yau Talata, wankin gidan kuwa sai Alhamis. Ta shiga madafa ta girgiza risho, ta ji ba kananzir, alhali jiya da hannunta ta cika shi. Babbar tukunya tana kife, an wanke ta fes. Ta durƙusa bakin magudana, ta ga wani ɓawo ruwan ƙasa-ƙasa ya daskare a gefe. Ta kankaro da farce ta shinshina. Ƙanshin zuma ta ji.

Hajiya babba ita ce Larai, mahaifiyar Saleh, kuma shi ne ɗanta na fari. Tana zaune a ɗakinta da carbi, hannun dama a cikin mayafi. Rahamatu ta tura ƙofa ta zauna kusa da ita.

"Yaya, jiya da baƙi suka zo kina ina?"

"Ina nan. In zauna ana baje kayan goyon yaron nan a gabana?"

"Na sani. Shi ya sa na zo." Rahamatu ta sassauta murya. "Ɓarawo ba ya barin zinari, kuma ba ya sanin inda makulli yake. An ƙaro ruwa ba ranar wanki ba, an ƙone kananzir, ga kaki a magudana. Duk macen da ta zauna a falon nan jiya ta ji Zakiya ta ce kada zafi ya taɓa zanin. Mutum ɗaya ce a gidan nan ba ta ji ba, don kunyar ɗan fari ta hana ta fitowa. Mu ga hannun."

Larai ta zaro shi. Yatsu biyu sun tashi da ƙunar ruwan zafi.

"Gani kawai na je yi, da ba kowa," in ji ta. "Na tarar da shi dabbare-dabbare, ya yi tauri. Na ɗauka dauɗar jirgi ce. Na ce jikana ba zai hau wannan ba. Ruwan sanyi ya ƙi fitar da shi, na ɗora a wuta. Sai da abin ya taso saman ruwa na ga tsuntsu yana narkewa a idona." Ta rufe fuska. "Shekara tara yarinyar nan tana kuka a ɓoye, ina ji, ban iya ce mata komai ba. Na ce ko wanki ne in yi mata."

Rahamatu ta shigo da faɗa a bakinta, saboda Larai na ji ana zargin A'i ta yi shiru. Tausayi ya hana faɗan fitowa. Ta ce mata dai sai ta je ta nemi gafarar A'i da ƙafarta, Larai ta gyaɗa kai. Sannan Larai ta ɗaga katifa ta jawo zanin, da ɗanshinsa, fari tas.

Da aka kira Zakiya ta gan shi, kukan da ya ƙi zuwa ɗazu ya zo. Ta rungume yadin ta yi mai isarta, ba wanda ya hana ta. Saleh ya tsaya bakin ƙofa ya rasa wadda zai lallasa. Can ta miƙe za ta shanya shi a taga, sai ta tsaya cak. Hasken rana ya ratsa yadin, ga wasu siraran layuka rawaya-rawaya inda man kakin ya shiga zare. Sai an ƙura ido ake ganinsu, amma furannin suna nan, tsuntsayen ma suna nan.

"Gwaggo, duba," ta ce a hankali. "Ga inda hannunta ya yi rawa."

Ta juyo wurin surukarta, wadda har yanzu kanta ke ƙasa, ta durƙusa ta shimfiɗa mata zanin a cinya.

"Inna, ba zai rinu ba kuma. Amma kin iya allura, ni ban iya ba. In an bi layin da shuɗin zare zai fito."

"Idona ba ya ganin wannan, 'yar nan."

"Ni zan riƙa nuna miki."

Larai ta share fuska da gefen mayafi. Ta ɗago kai ta dubi cikin Zakiya, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Saura wata nawa?"

"Uku, Inna."

"To, matso mana da tabarma kusa da taga."