Sakatar Kejin Kulu

Bayan sallar isha Hansai ta ji wani irin sauti a tsakar gida, kamar ana tafi a cikin ƙwarya.

Fat... fat... fat...

Ta haska fitilar waya. Farar tantabarar 'yarta Kulu ce a ƙasa, tana bugun siminti, ta kasa tashi. An datse mata gashin fiffike, yanka miƙaƙƙe tas. Almakashin tela kaɗai ke irin wannan aiki.

"Maliki..." ta furta.

Shekara guda ke nan da ya sake ta, a kan faɗan da ko mafarinsa ba ta iya tunawa. Alƙali ya bar mata riƙon Kulu a gidan iyayenta a Abakpa, uban kuma ya kawo ci da sutura, ya ga yarinya sau ɗaya a wata.

Sai ya ba Kulu tantabaru biyu.

Tantabara kuwa ba ta manta inda aka ƙyanƙyashe ta. Duk Alhamis sai su koma shagon ɗinkinsa a Kinkinau, duk Juma'a ya maido su a kwali, ya tsaya a zaure.

"Sun sake gudowa," yakan ce, idonsa a ƙasa.

"To, an gode."

Iyakar hirar ke nan. Bai san ita ke zare sakatar kejin da daddare ba.

Wannan Juma'ar ya zo ba kwali, sai sabuwar rigar Kulu a leda.

"Me ya sa ka yanke musu fiffike kafin ka maido su?" ta tambaye shi.

"Yayanki Kabir ya same ni a shago. Ya ce kin ce na ishe ki da tsuntsaye. Wai Alhaji Yahya na Unguwar Rimi ya turo..." Ya ɗago kai. "Hansatuna, ki ce min ƙarya ne."

Ƙarya ne! Ba ta taɓa faɗa ba, Alhajin ma ba ta amsa masa ba. Amma zuciya ta ce mata, shi da ya saki, shi zai ce ki dawo.

Ta jira.

Shi ma ya jira.

"Malam tela!" Yaya Kabir ya leƙo. "Yau ba ranar ganin yarinya ba ce. Ko a koma wurin alƙali a karanto maka?"

Hansai ta karɓi ledar.

"To, an gode," ta ce.

Juma'o'i suka yi ta wucewa, zaure shiru. Da haushi ya ci ta, ta ce a amsa wa Alhaji. Sai bayan an sa rana aka tuna mata cewa idan uwa ta yi aure, riƙon yarinya wurin kaka yake komawa.

Ranar da za a kai ta, ta fito cikin mayafi, ido a kumbure. Maliki na tsaye a ƙofar gida, ya zo jin ranakun da zai riƙa ganin 'yarsa. Kulu na rungume da farar tantabarar. Gashin ya fito sabo fil.

"Umma, ni ma a mota zan tafi?"

"A'a, 'yar lelena... kina wurin Inna."

"To Abba fa?"

Hansai ta danne bakinta da mayafi.

"Allah ya ba da zaman lafiya," in ji Maliki, da ƙyar.

Maƙwabciyarsu, tsohuwa Turai, ta dafa sandarta tana kallon tsuntsuwar.

"Ni dai, Maliki, abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure min kai. Kejin nan sakatarsa ta waje ce, hannun Kulu kuma bai kai ba."

Maliki ya juyo a hankali, ya dubi amarya. An riga an buɗe mata ƙofar mota.

"To wai wa ya riƙa buɗe musu?"