Turaren da Ya Nemo Taga

Ranar da Safinatu ta fara ganinsa, kanta na sarawa kamar ana daka a ciki. Ta ɗago daga kwamfuta sai ta ga wani dogon saurayi tsaye kusa da teburinta, riƙe da turaren tsinke a kunne, ya ƙura wa hayaƙin ido.

"Malam, lafiya?"

"Lafiyar ce ta kawo ni," in ji shi. "Dubi nan, Malama. Hayaƙin ya miƙe sama ya tsaya cak. Shi ma ya rasa hanyar fita, balle ke."

Ta so ta ɗaure fuska, murmushi ya ƙwace mata.

Ofishin na ƙungiyar manoman riɗi ne a Gumel, ita ce mai yi wa manoma rajista. Shugaban ƙungiyar ne ya ga hoton wani ofishin Abuja a waya, ya ce irinsa yake so. Aka zuba gilashin da ba ya buɗewa, wai na'urar sanyi za ta wadatar, alhali wuta sai ta ga dama take leƙowa. Safinatu kuwa aka cusa ta a lungu, bayan kabad, kusa da buhunan iri masu warin magani. Sai da ma'aikata uku suka gudu sannan aka kira Sabi'u, ɗan wani tsohon magini daga Gagarawa, wanda ya karanta tsara gini.

Kowa sai da ya zauna da shi ya tambaye shi abin da ke damunsa. Da ya zo kanta, ya dubi kujerarta ya girgiza kai.

"Ƙafafunki ba sa taɓa ƙasa. Bayanki ba ya ciwo?"

"Kullum."

Ya ciro zare daga aljihu ya miƙa mata. "Auna mini daga ƙasa zuwa gwiwarki, ki ƙulla. Haka Babana yake awo."

Ta auna, ta ƙulla, ta miƙa masa. Barau, mataimakin manaja, yana kallonsu ta ƙofar ofishinsa. Shi kaɗai ke da fanka mai sola a gidan, ya kuma daɗe yana yi mata tayin kujera a gabanta, tana ce masa ta gode.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Sarauniyar Lungu, Sabi'u ne. A wajen Talatu abokiyar aikinki na roƙi lambar. Ya kan naki?"

"Da sauƙi, Malam Hayaƙi. Aikin ofis ne ya kai ka roƙon lamba?"

"Rabi aikin ofis. Ɗaya rabin ina jin kunyar faɗa."

Ta kifa wayar a ƙirji tana dariya ita kaɗai.

Cikin mako uku ofis ya zama wani wuri. Ya fasa tagogi can sama, kudu da arewa, suna kallon juna. Ya kwashe buhunan iri zuwa sito, ya kafa rumfar zana a bangon yamma, manoma suka samu inuwar jira. Ya rage wa kujerarta tsawo, ya fito da teburinta inda haske ke sauka. Talatu, wadda da ko sallama aka yi mata sai ta yi tsaki, ta koma tsokanar tsofaffin manoma. Safinatu ta manta inda ta ajiye maganin ciwon kai.

Shi kuma ya fara zuwa zance gidansu.

"Ka gyara mana ofis, ka ɓata mini tunani," ta ce da shi ran nan.

"Wannan kam ba zan gyara ba, Safina ta. Da gangan na yi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Son shi take yi, ta kuma daina ɓoye wa kanta.

Barau kuwa abin ya tsaya masa a wuya. Ranar kasuwar Maigatari ya samu mahaifinta, Alhaji Mati, a tashar da motocinsa ke lodi, ya durƙusa ya ce nasiha ya kawo. Ya ce da idonsa ya ga yaron nan yana zagaya kujerar Safinatu da turare, ya sa ta auna jikinta da zare ta ƙulla, ya tafi da zaren.

Alhaji ya dawo gida rai a ɓace.

"Daga gobe babu ofis. Shi kuma kada ya ƙara taka ƙofar nan."

"Baba, wallahi iska yake gwadawa."

"Iska? Ai ita nake gudu! Yarinyar da ke dawowa kamar an yi mata duka, yanzu sai waƙe-waƙe, sunan mutum ɗaya a baki. In ba asiri ba, mene ne wannan?"

Lafiyar da ta samu ita ce ta zama shaida a kanta. Ta shige ɗaki ta sha kuka, aiki da masoyi duk a tashi ɗaya.

Da dare ta tura wa Sabi'u saƙo: "Malam Hayaƙi, an ce kai boka ne."

"Na ji. Kada ki yi gardama da Baba, Safina ta. Zan jira ko shekara nawa ne."

"Ni ba zan iya jira ba."

Kwana huɗu tana gida. A rana ta biyar, bayan azahar, ta kai wa Alhaji ruwa, ta same shi a waje ƙarƙashin darbejiya yana fifita da hula. Sai ta tuna. Tun da aka yi wa zauren gidan siminti bara, bai ƙara zama a ciki da rana ba, kullum sai ya ce kansa na nauyi.

Ta koma ciki ta ɗauko turaren tsinke na Inna, ta kunna, ta zo ta durƙusa.

"Baba, ga asirin a hannuna. Don Allah ka shigo zaure ka gani. In ka gani ka ce a'a, na haƙura."

Ya harare ta, amma ya tashi. A tsakiyar zaure ta ɗaga turaren. Hayaƙin ya miƙe sama ya tsaya, ya taru a ƙarƙashin rufi.

"Haka ya yi a lunguna, Baba. Ina 'yar tagar da Kaka ya bari a saman nan?"

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi bangon. "Na sa an toshe. Birkila ya ce ta tsohon yayi ce."

Ya share gumin da ke bin gemunsa.

"Kira mini yaron. Ya zo da gudumarsa, kada ya zo da komai bayan ita."

Sabi'u ya iso a babur, ya cire takalmi tun daga waje, ya gaida Alhaji har ƙasa. Ya ƙwanƙwasa bango da yatsa har ya ji inda sautin ya sauya, sannan ya hau turmi. Bugu shida, bulo ya faɗa waje, haske ya shigo. Alhaji ya karɓi turaren ya ɗaga da hannunsa. Hayaƙin ya karkata, ya bi ta tagar ya fice.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "To, zaren fa?"

"Na kujera ne, ranka ya daɗe. Ƙafafunta ba sa kai ƙasa."

"Gajarta a wajen uwarta ta gado."

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Ina jin ka, Alhaji!"

Ya zauna kan tabarma wai zai ɗan gwada wurin. Kafin a ce me, sai minshari. Suka zuba masa ido suna danne dariya, babu mai ikon motsi, har aka kira la'asar. Ya farka ya shafa fuska.

"Ke, gobe ki koma aikinki. Kai kuma, ashe guduma ce bokanka. Turo magabatanka."

Bayan an yanke riɗi aka ɗaura aure a wannan zauren, cike da mutanen Gagarawa da na Sule Tankarkar, mahaifar Alhaji, babu mai fifita. Barau ma ya zo, ya nemi gafara, ya kuma fi kowa cin shinkafa. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sanyaya gidansu kamar yadda yaron nan ya sanyaya nawa." Zaure ya amsa da amin.

Washegari da safe Safinatu ta ga wata 'yar kujera sabuwa a ƙarƙashin tagar ɗakinta, an ɗaure mata zaren nan mai ƙulli a hannu. Ta zauna, ƙafafunta suka sauka daram a ƙasa.

"Ashe ba ka yar da shi ba?" ta tambayi Sabi'u.

"Ina zan yar da shi, amarya? Tun ranar na san zan yi miki wata."