Matajin Cleonice

Ranar da Jandira ta fara ganin Valdemir, a tsugune yake a bayan tsohon asibitin mahaukata na garinmu, hannu ɗaya cikin ramin bango, ɗayan riƙe da waya. Yana jin motsinta ya yi wuf ya kama ɗaure igiyar takalmi. Silifa ce a ƙafarsa.

"Sannu da ɗaurin silifa," in ji ta.

Kunya ta kama shi, ya faɗi gaskiya. Wai wasa ne. Wani ya ɓoye ɗan gwangwani, ya sa alamar wurin a taswirar waya, kai kuma ka nemo ba tare da kowa ya gan ka ba. In ka ɗauki abu a ciki, dole ka ajiye wani a madadinsa.

"Ƙato da kai?"

"Ga shi yau na samo abin da babu a taswira," ya ce yana kallonta.

Jandira jikata ce, ni Zuleide na rene ta. Da ta ba ni labari na ce ƙarya yake yi. A asibitin nan aka kulle yayata Cleonice tana budurwa, don ta mayar wa uwar ɗakinta magana. Can ta mutu, suka binne ta ƙarƙashin dutse mai lamba, ko suna babu. Na yi zarya ofishin magajin gari har na yi furfura, kullum sai su ce babu maƙabarta a wurin. Ga raɗe-raɗin za a share filin a yi wurin ajiye motoci. To wa zai riƙa zagaya shi da waya yana laɓe-laɓe in ba mai yi musu awon fili ba?

Da suka fara aika wa juna saƙo a waya, na tsare Jandira, na ce ta karanta mini saƙonninsa.

"Tsuntsuwata, na wuce gidan burodinku sau biyu, ba don yunwa ba."

Ita kuma ta mayar: "Mai silifa, ka sayi ko guda ɗaya mana, mai gidan burodin ya fara hararar ka."

Na ce, "Da zaƙin baki suke fara cin mutum."

Ranar tunawa da matattu na kai wa Cleonice sabon mataji ja, kamar yadda na saba, domin aske mata kai suka fara yi a asibitin. Na sa shi a gwangwani saboda ruwan sama, na tura gindin dutsen. Da na koma, babu mataji. Motar wasan yara na tarar a ciki. Mota! Na ce shi ke nan, saƙo mutanen magajin gari suka aiko mini kan wurin ajiye motocinsu.

Ina isa gida sai ga Jandira tana juyi gaban madubi, matajin a gashinta.

"Kaka, ya yi mini kyau? Valdemir ne ya…"

"Cire shi! Daga kabari ya sato miki!"

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta rubuta masa: "Kada ka ƙara nema na."

Ya amso: "Tsuntsuwata, na ɗauka gwangwanin wasanmu ne. Ciyawa ta rufe dutsen. Gobe zan zo, ko da tsintsiya Kaka za ta tare ni."

Da tsintsiyar kuwa na tare shi.

"Dona Zuleide, na yi kuskure," ya ce. Dona kiran girmamawa ne da bare ke yi wa mace.

"Nawa magajin gari ya biya ka?"

"Ni gyaran firij nake yi. Kaburbura nawa ne a filin?"

"Ina na sani? Na yayata kaɗai na riƙe."

"In kin yarda, mu nemo sauran. Neman abin da aka ɓoye kaɗai muka iya."

Ban yarda ba, amma na je ranar Asabar don in sa musu ido. Ya tara abokan wasansa, har da tsofaffi masu sanda. Suka wuni a durƙushe suna buɗa ciyawa, duk dutsen da suka gani su ɗau hotonsa, su sa shi a taswira. Kafin yamma taswirar ta cika da ɗige-ɗige. Na ɗauki wayarsa na kai ofishin magajin gari na dangwara a kan tebur, na ce a sake gaya mini babu maƙabarta. Yanzu sun zagaye filin da shinge don kare kaburburan. Haƙuri dai ba su ba ni ba, kuma ban daina zuwa ba.

Ranar aurensu, kafin coci, Valdemir ya ce mu biya ta wurin Cleonice. Ya mayar da matajin cikin gwangwani, sannan ya yaye wani ƙyalle.

"Dona, na ɗauke miki jika. Dokarmu ta ce in ajiye wani abu."

Farin dutse ne da rubutu. Ban iya karatu ba, sai na bi shi da yatsa, Jandira cikin farar rigarta tana karanta mini sunan yayata a hankali.

Na ce, "Ka daina ce mini Dona. Kaka ake cewa."

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. In mace ce ta fari, sun san sunan da za su sa mata.