Ɓarawon Da Ya Adana Aiki

Sufeto ya hau benen da ciwon kai, ya tarar da wani ciwon kan yana jiransa. Wayoyi sun sarƙe a ƙarƙashin tebura, fanka tana juyawa babu iska. Shugabar ƙungiyar masu haɗa manhajar kwamfuta da ke aiki a ɗakin, wadda ta kai ƙara, tana tsaye idanunta jawur.

"Malama, ki sake yi min bayani," in ji shi. "Kin ce manhajar da kuke haɗawa don sarrafa kwamfuta kyauta ce, kowa yana iya kwafa. To me aka sata?"

"Makulli, ranka ya daɗe. Ɗan abu ne kamar filashi. Da shi muke sa hannu a kan duk gyaran da muka fitar, don mutane su san daga wurinmu yake. Yau da yamma kwamitin uwar manhajar, wadda tamu ta samo asali daga gare ta, zai zauna ya amince mana da kulawar dogon zango, wato mu ɗauki alkawarin gyara ta shekara biyar. In babu makulli, babu amincewa. Makarantu da ƙananan asibitocin da ke amfani da ita kuwa sai dai su nemi wata."

"Kuma ba albashi ake biyanku ba?"

"Aikin sa kai ne."

Sufeto ya dafe goshi. Ya bar ƙarar satar babura a tebur ya zo neman abin da bai kai ɗan yatsa ba. Ya leƙa babbar kwamfutar da aka zare makullin daga jikinta.

"Jiya na bar ta tana haɗa fitowar ƙarshe," in ji Shugaba. "Da safe na tarar an dakatar da aikin, an adana shi, an kashe ta yadda ya kamata. Da na sake kunna ta, ko layi ɗaya bai lalace ba."

"Wa kika gaya wa wannan?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya a nan."

Aka kira mai gadi. Ya rantse ko ƙuda bai shiga ba, shi kuma bai matsa daga ƙofa ba.

"Baba, nawa aka tashi a wasan jiya?"

"Kai, ai alƙalin wasan nan azzalumi ne, ƙwallo ta riga ta..." Ya kama bakinsa.

"A shagon mai aski ka kalla ko?"

"Leƙawa kawai na yi, yallaɓai."

Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Mutum uku ke da mabuɗin ɗakin: Shugaba, wani matashi da ake kira Dogo, da Injiniya wanda bai iso ba tukuna.

Dogo ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Rabin aikin nan a wuyana yake, yallaɓai. Ina ni ina satar kaina?"

"Madalla. Taimaka ka kashe min injin nan, za mu tafi da shi caji ofis."

Dogo ya miƙe da isa, ya nufi soket ɗin bango zai zare waya. Shugaba ta cafke hannunsa.

"Kai, lafiyarka? Ƙona mu za ka yi?"

"Rabin aikin surutu ke nan," in ji Sufeto. "Koma ka zauna."

Ana haka Injiniya ya shigo. Mutum ne siriri mai furfura tun ba lokacinta ba, idanunsa sun faɗa. Ya gaida kowa a hankali, ya ce tun tsakar ranar jiya rabonsa da ɗakin.

Sufeto ya girgiza kai kamar mai jaje. "Sai haƙuri, Injiniya. Ɗan iskan fizge makullin ya yi, ya tafi ya bar aikinku a dagule. Komai ya lalace. Jahili ne kawai."

"Bai lalace ba," in ji Injiniya da zafi. "Ai sai da aka adana shi kafin a..."

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Kafin a yi me?"

Injiniya ya kalli tafin hannunsa. Sannan ya sunkuya, ya zaro ɗan makullin daga cikin safarsa, ya ajiye a tebur.

"Haba Yaya!" Muryar Shugaba ta karye. "Kai da ka fara abin nan da hannunka?"

"Kin rubuta wa kwamiti cewa za mu kula, za mu gyara. Wannan 'mu' ɗin waye, ƙanwata? Ranar da injin asibiti ya tsaya, wayar wa ke ƙara? Matata ta daina yi min faɗa, kin san abin da hakan ke nufi? Abinci take ajiye min a rufe kamar baƙo. 'Yata ta fara tafiya, a waya na gani. Na yi wa matar nan alkawarin bana zan dawo gida, sai ga ki da shekara biyar."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa a taro. Kuka tafa min, kuka ce ni gwarzo ne."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya fito da ankwa, Sufeto ya yi masa alama ya mayar.

"Malama, za ki janye ƙarar?"

"Ko na janye, doka ta ce sai na sanar da kwamiti wanda ya taɓa makullin."

"To sai ya zo ya ba da bayani. Mu je, Injiniya."

A bakin ƙofa Injiniya ya juyo. "Kafin ki sa hannu, ki duba gyaran na'urar buga takardu. Ban gama ba."

Wayar Shugaba ta yi ƙara. Sakataren kwamiti ne, muryarsa tana fitowa sarai: suna buƙatar sunan wanda zai riƙe gyare-gyare tsawon shekarun nan. Ta dubi Dogo. Dogo ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Sufeto ya sauka benen a bayan Injiniya, yana jin muryar tana ta maimaitawa a sama: "Malama, kina ji na? Suna kawai muke jira."