Mai Ƙirgar Gauraka

A shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, tafki ɗaya ne ya rage tsakanin Gatawa da Unguwar Lalle. Nan shanu ke sha, nan tsuntsaye ke sauka. A nan kuma Amiru ya fara ganin Habi.

Amiru malamin firamare ne a Isa. Duk Asabar yakan hau babur ya zo bakin tafkin da gilashin hangen nesa da ɗan littafi, ya ƙirga tsuntsaye, ya aika wa wata ƙungiyar sa-kai mai kula da su. Yana cikin rubutu ya ji murya a bayansa.

"Gauraka nawa ka samu, Malam?"

Budurwa ce riƙe da sanda, tana shayar da awaki.

"Shida," in ji shi.

"Bakwai na. Akwai guda cikin ciyawa can, ƙafarta ta karye. Ba ta tashi in sauran sunka tashi."

Ya ɗaga gilashi ya duba, ya daɗe. Sannan ya soke shida ya rubuta bakwai, ya tambayi sunanta.

Habi 'yar Labbo ce, makiyayi mai noma, wanda farin ya riga ya cinye masa rabin garke. Ta san tsuntsayen tafkin tun tana ƙarama, har da waɗanda Amiru sai ya duba littafi. Kafin wata ya ƙare ita ke aiko masa da ƙirgar sauran kwanaki ta waya.

"Malam, yau kirinjijiya sun kai ɗari. Zalɓe biyu. Ruwa ya ƙara ja baya."

"Na gode, Gaurakata. Ba ki faɗi lafiyar mai ƙirgar ba."

"Mai ƙirga lafiya lau. Sai dai Asabar ta yi nisa."

Da Amiru ya tura kawunsa neman izini, Labbo bai yi dogon bayani ba.

"Shanu na mutuwa, shi yana kallon tsuntsu. Tsuntsayen jan baki sunka cinye muna ɗan abin da ya tsira bara, shi ko abokinsu na. Ba ni ba shi ɗiyata."

Akwai wani mai nema, Sodangi, ɗan kasuwa mai fataucin dabbobi zuwa Nijar. Yakan kuma kama tsuntsaye da rai ya kai gidajen masu hali. Shi ne Labbo ya fi so, don yakan zo da buhun dusa.

Wata Laraba gauraka uku suka ɓace. Kashegari wata maƙwabciya ta gaya wa Habi ta ga Amiru a kasuwar Isa tsaye da Sodangi, kusa da wani keji da aka rufe da buhu. Habi ta aika saƙo ɗaya.

"Ashe ƙirgar da nike aiko ma, wurin shi taka zuwa. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Roƙon shi na je yi ya sake su, Habi. Ya ƙiya. Allah shi na shaida." Ba ta amsa ba. Sati uku wayarsa shiru. Bai fasa zuwa tafkin ba, ita kuma ta koma shayar da awaki da yamma don kada su haɗu.

Asabar ta huɗu ya iso tun hantsi bai yi ba. Bai ji kukan komai ba. A bakin ruwa ya tarar da kirinjijiya kwance sun fi talatin, wasu na shure-shure. An warwatsa gero jiƙaƙƙe a gaɓa, yana warin maganin ƙwari, har cikin ruwa. Daga gabas kuma ƙurar shanu ta taso.

Ya jefar da babur ya ruga ya tare hanya, yana ɗaga hannu.

"Baba, tsai da su! An sa guba!"

Shanun Labbo ne a gaba, kwana guda ba su sha ba. Wata saniya ta bangaje Amiru ya faɗi ya ji ciwo a hannu, ya tashi ya sake tarewa. Da kyar shi da Labbo suka juya su. Sauran makiyaya da suka iso suka ga gawar tsuntsayen, suka tsaya.

Ba a sha wahalar gano mai aikin ba. Kafin azahar aka kama mutum biyu da buhuna sun dawo kwasar naman, kuma a gaban mai gari suka ambaci Sodangi.

Kwana huɗu Amiru da 'yan ƙungiyarsu da makiyaya suna kwashe laka daga gaɓar, suna haƙa rijiyoyi a gefe don dabbobi. A rana ta biyu saƙon Habi ya shigo.

"Malam, na zalunce ka. Yaya hannun?"

"Ya yi sauƙi tun da kin tambaya."

"Za ni kawo muku hura. Ka yafe mani."

"Tun tuni, Gaurakata."

Labbo da kansa ya same shi cikin laka har gwiwa. Ya tsaya yana kallonsa.

"Mi ya fara nuna maka akwai matsala rannan?"

"Shirun na ji, Baba."

Labbo ya jinjina kai. "Ka ce ma kawunka ya dawo."

An ɗaura aure a ƙarshen bazara, ba taro mai yawa, don shekarar ba ta taro ba ce. Labbo ya sa albarka a taƙaice, ya juya da sauri wajen shanunsa.

A hanyar kai amarya Isa, Habi ta ɗaga mayafi ta leƙa tagar mota. Gwaggonta Hajo ta ja ta.

"Ke! Amarya ba ta leƙe."

"Gwaggo, shamuwa ta. Ga ta can bisa tsamiya."

Direba ya taka birki ba wanda ya ce masa. Matan duk suka leƙa, har da Hajo. Shamuwa biyu ne, na farko da aka gani a shekarar, suna jera kirare. Kowa a motar ya san ba sa gina sheƙa sai damina ta kusa.

Hajo ta rangaɗa guɗa, sannan ta mayar wa amarya mayafinta.

"To, Allah ya ba mu ruwa, ku kuma ya ba ku zaman lafiya. Direba, mu tafi, ango na jira."