Shirun Hapsatu

Tun da Ƙasimu ya turo kekensa cikin gida da akwatin ƙarfe ɗaure a baya, Hapsatu ta san akwai magana, don ba lokacin hutu ba ne. Ta durƙusa ta miƙa masa ruwa, ya karɓa bai dube ta ba. Mutumin da in ya zo hutu yakan cika mata ɗaki da labari, wai ƙasa juyawa take yi, wai akwai halittu a ruwan rijiya da ido ba ya gani, har ta riƙa leƙa randa ko za ta kama ɗaya. Yau ko tari bai yi ba.

A hutun bara aka yi aurensu, shekarun da kuɗin mai ya fara kawo babura ƙauye. Ita 'yar Fulanin Sara ce ta ƙasar Gwaram, aji uku ta yi a firamare. Shi yana ajin ƙarshe a sakandaren kwana a Birnin Kudu, kuma shi kaɗai ya rage wa mahaifinsa Malam Badaru a Kiyako tun da wansa ya tafi Ikko neman aiki.

Ta zuba masa ido. Kullum ya tafi sharar gona, ya dawo ya zauna bakin gado yana kallon akwatin, bai buɗe ba. Abin ya ci ta, ya cinye.

"Malam," ta ce wa mijin nata, "korar ku aka yi?"

"Ai ke kika kore ni, 'yar Fillo."

"Ni?"

"Baba ya je har ofis ɗin firinsifal. Ya ce damina ta kawo kai, gandu ba mai riƙe fartanya, kuma matata ta gaji da jira. Ya ce Inna ta tambaye ki kin yarda. Ga jarrabawar fita ta ƙarato — in na rasa ta, shi ke nan."

Sai Hapsatu ta tuna. Kwanan baya suna ɓarar gyaɗa, surukarta Inna Turai ta ce, "Amarya, in mijinki ya bar bokon nan ya dawo gida, ai kina so ko?" Ita kuwa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. A gidansu ko yanka mace za a yi ba ta zancen miji gaban uwarsa. Inna kuwa, kamar kowa a Kiyako, ta san shirun yarinya yarda ne.

Hawaye ya zubo mata. "Ta yaya zan ce wa Inna ba na son ɗanta a gida? Ta yaya kuma zan buɗe baki in ce ina so?"

Ƙasimu ya sassauta murya. "Sori, ban san haka aka yi ba. Amma kin san Baba ba ya magana biyu."

Da hantsi Malam Badaru yana tsakar gida yana sa wa fartanya ƙota. Tun da aka kawo Hapsatu ba ta taɓa yi masa magana ba, in ta ji takunsa ma ɗaki take faɗawa. Ran nan ta je bayan zana ta durƙusa.

"Baba."

Ya waiwaya. "Turai, baƙuwa muka yi?"

"Surukarka ce."

"Ashe tana da murya? Ni na zaci kurma Fulani suka ba mu. Ina jin ki, yarinya."

"Shirun da na yi wa Inna kunya ce, ba amsa ba ce."

Inna Turai ta ajiye muciya. "Au, ƙarya na yi miki ke nan? Yau na ga abin da ya ishe ni! Mata na neman mazansu kusa, ke kina tura naki."

"Bar ta ta ƙarasa," in ji Malam Badaru. "To mece ce amsar?"

"A bar shi ya gama."

"Gandun fa? Satifiket ne zai yi mini huɗa?"

"Ina da bijimai biyu a garken Baffana, 'ya'yan saniyar da aka ba ni ranar suna. Sun koyi jan garma. In na aika, yayana Sada zai kawo su."

Malam Badaru ya daɗe yana juya ƙotar a hannu. "Mijin 'ya shi ke kai wa surukinsa gayya. Ban taɓa jin dangin mace sun nome gonar uban miji ba. Gari zai yi da ni." Ya ajiye ƙotar ya ce, "Wai ke me kika gani a bokon nan?"

"Ban sani ba, Baba. Rabi-rabi yake gaya mini. Shi ya sa nake so ya gama in ji sauran."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Washegari shi da kansa ya raka ɗansa Birnin Kudu, ya ba firinsifal haƙuri.

Daminar ba ta zo wa Hapsatu da sauƙi ba. Da Sada ya iso da shanun, 'yan gari suka yi ta zunɗe, wai gandun Badaru mace ke nome shi. Inna Turai kuwa ta ɗauke mata wuta. In ta gaishe ta sai ta amsa da hanci, tuwonta ma sai ta ce ya yi gishiri. Hapsatu ba ta kai ƙara ba, ba ta yi yaji ba. Daka, ɗebo ruwa, wankin Inna, duk ta ɗauka.

Bayan kaka rumbu ya cika, sakamako ya fito, Ƙasimu ya ci, aka ba shi gurbi a kwalejin horon malamai. Inna ce ta fara rangaɗa guɗa. Da ta gama ta shiga ɗakin Hapsatu da ƙwaryar fura a hannu, ta ajiye a gabanta ta ce, "Sha, 'yata. Ke kika fi mu gani."

Kunya adon mace ce, haƙuri kuma ba ya ɓata. Amma in gaskiya za ta mutu a bakinki, ki faɗe ta da ladabi. Ku kuma iyaye, in kun tambayi yaro, ku jira ya amsa.